Ranar da Tsohuwar Fijo ta Ja Numfashi a Gefen Wurogauri

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa ido da natsuwa har ya tsaya a wannan shafi namu, ina yi maka sallama irin ta Musulunci, ina kuma gaishe ka gaisuwar da ta dace da mai neman sani. In dattijo ne kai, girmanka ya kai. In matashi ne, Allah Ya raya ka. In uwa ce ko 'ya, Allah Ya ƙara sutura.

Ina roƙon ka ajiye gaggawa a gefe, ka janye ɗan yatsanka daga turin gilashin waya. Mu da aka hore mu a kwalejin malamai, zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada, ba a koya mana gutsure magana ba. Abin da zan ba ka, ƙarshensa da idona na gani. Farkonsa kuwa daga bakin masu shi na ji. A lokacin ina hedimasta a Gwandu, direbobin tasha kuma suka ga ya dace su ɗora ni kan kwamitinsu na sulhu, saboda ba ni da mota, ba ni da ɓangare, kuma ba a taɓa jin na karkata ba.

To, gyara zama.

Akwai wani direba a Gwandu ana kiransa Abdulgani. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, wanda furfura ta fara tsiro masa a gemu yana kan sitiyarin mota guda. Motar ta Alhaji Umaru Albarka ce, wani falken albasa da shinkafa da ke zirga-zirga tsakanin Gwandu da kasuwar Kalgo.

Motar kuwa abar kallo ce. Tsohuwar Fijo 404 ce, ruwan ƙasa, wadda mahaifin Alhaji ya saya tun ana kashe fam da sule. Sa'o'inta duk sun zama akurkin kaji a bayan gidaje, ita kuwa tana nan tana sheƙi. In ta taso daga bakin kasuwa, mata a cikin gida sukan gane ta da ƙararta. Duk garin Dattijuwa ake ce mata, kuma kowa ya san hannun Abdulgani ne ya kai ta wannan shekaru.

Shi da Alhaji taubasai ne: mahaifin Abdulgani wa ne ga mahaifiyar Alhaji. Saboda haka tafiyarsu ba ta rabuwa da tsiya.

"Ɗan mace, shigo mu tahi, rana na yi," in ji Abdulgani kowace safiya.

"Ka ji shi! Ɗan namijin da ka buɗe ma ɗan mace ƙohwa," Alhaji yakan mayar masa, yana tattara babbar riga. "Tuƙa ni a hankali, Tobashi, kada ka zubar da ubangidanka."

Haka suke har shekarar 1994, shekarar da mai ya yi wuyar da ba a taɓa gani ba. Gidajen mai suka bushe. Sai a bi 'yan bumburutu a bakin hanya, a sayi galan guda kamar ana sayen turare. A wannan shekara ce zuciyar Alhaji ta ƙuntata. Yakan tsaya a bayan mota yana shinshina iska, ya ce, "Wanga ƙamshi da kuka ji, dukiyata ce ka tashi sama." Ya sa maƙeri ya yi wa murfin tanki mariƙi, ya maƙala kwaɗo, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Ba mai buɗe tankin sai shi.

Abdulgani ya ga kwaɗon, ya yi murmushi.

Ba a jima ba Dattijuwa ta fara wani ciwo. Da safe takan tashi da bugu ɗaya, ta kama hanya lafiya lau. Sai an yi nisa, an bar gari a baya, ta fara tari, ta fizga, ta yi kamar mai shaƙewa, sannan ta mutu murus. A murɗa makulli har batir ya gaji, ba za ta amsa ba. In aka ƙyale ta ta daɗe a inuwa, sai ta tashi kamar ba ita ba, ta ƙara gaba kaɗan, ta sake mutuwa.

Abdulgani ya bi ta gaɓa-gaɓa, kamar yadda ungozoma ke bin ciki. Ya kwance fulogai ya goge. Ya wanke kafireta har tana ƙyalli. Ya duba wayoyin wuta, ya hura tiyon mai da bakinsa. Bai ga aibu ba.

Suka kai ta Kalgo wurin Haruna bakanike, wanda ba a yi kamarsa a kan tsofaffin motoci a wannan yanki ba. Haruna ya sauya famfon mai. Ciwo bai tafi ba. Da suka koma, ya nemi makullin tanki, Alhaji ya dafe ƙugu ya ce sam. Sai Haruna ya ɗauko galan na mai mai kyau, ya ɗora a kan inji, ya tsoma tiyo a ciki. Mota ta tashi, ta yi ta kaɗawa ba ko tari.

"To, Alhaji," in ji Haruna, yana goge hannu, "inji lafiyatai lau. Da man galan tana sha, da na tanki tana mutuwa. Abin da ke cikin tankinka shi ne ba shi da kyau. Ko ruwa, ko kananzir."

Alhaji ya juyo a hankali ya dubi Abdulgani.

"Ni ka sayen man da kaina. Ni ka zubawa. Ranar da duk na zuba, lafiya take tashi. Sai ta kwana hannunka ta lalace."

"Tobashi, makullin ga mazaginka yake kwana."

"Makulli ana yanka wani. Kuma daga yau kada ka ƙara ce mini Tobashi. Direba kake."

Bai tsaya nan ba. Da suka iso tashar Gwandu, a gaban masu lodi da masu shayi da fasinjoji, Alhaji ya ɗaga murya ya ce ɗan kawunsa ɓarawon mai ne, yana zuƙe tanki ya cike da kananzir.

Mai karatu, ka san dokar tasha a wancan zamani? Direban da aka tabbatar ya saci man ubangidansa, ana shelanta sunansa ne. Daga Gwandu har Jega har Birnin Kebbi, ba mai sake miƙa masa makullin mota. Abdulgani ba shi da gona mai kirki, ba shi da shanu. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in an ce Abdulgani, a ce amana.

Tun kafin a zauna shari'a ya fara ganin alama. Maƙwabcinsa da ke barin makullin rumbu a hannunsa in zai yi tafiya, ya zo da 'yan kame-kame ya karɓe abinsa. A masallaci ana gaishe shi, amma ba a riƙe hannunsa kamar da.

Matarsa Huseina ta ajiye masa tuwo, ta ga bai taɓa ba.

"Malam, ka tahi wurin Gwaggo mana. Alhaji ɗanta ne, in ta yi mishi magana shina ji."

"Tsohuwa na hwama da ƙahwa, in kai mata wuta tsakanin ɗanta da ɗan wanta? A'a."

"To ka aje mishi tsiyatai! Mota ce ba a taɓa gani ba?"

"Huseina, in na aje ta yau, gobe a ce na gudu. Kuma ita Dattijuwa ba ƙarya takai ba. Wani abu na damunta, ni ne ban gane ba."

Maganar ta zo gaban kwamiti, mai wannan alƙalami yana bisa kujerar shugabanci. Aka saurari Alhaji, aka saurari Haruna. Hujja duk ta taru a kan Abdulgani. Dattawan tasha, don tausayi, suka ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, a kashe magana.

Abdulgani ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Ranku shi daɗe, ba tsoro nike ba. Amma in na rantse, za a bar ni ne don kwarjinin Littafi, zukata kuwa suna nan da zarginsu. Motar kuma ba ta daina mutuwa. Ina roƙon abu guda. A juye tankin, Alhaji shi zuba man da ya yarda da shi, shi sa sabon kwaɗo. Malam Hedimasta shi zauna gaba. Mu tahi Kalgo."

Aka amince. Washegari da hantsi aka yi duk yadda ya ce, a gaban jama'a. Dattijuwa ta tashi da bugu ɗaya. Alhaji ya hakimce a baya yana cewa, "Kun gani ko? Man gaskiya!"

Abdulgani yana tuƙi yana sauraron inji kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Wani abin mamaki ya same shi: a karo na farko a rayuwarsa, addu'a yake motar ta mutu, domin mutuwarta da man Alhaji ita ce shaidarsa.

Ta kuwa mutu. Ta yi tarinta, ta fizga, ta tsaya.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya juya baya. "To, Alhaji, wanga man wa ya taɓa shi?"

"Wa ke riƙe da sitiyari?" in ji Alhaji, ko gezau. "Direban da ya iya tada mota ya iya kashe ta. Da ƙahwa kaka yi, don ka wanke kanka. Malam, kai ka iya tuƙi balle ka gane?"

Shugaban kwamiti, wato mai wannan alƙalami, duk da zurfin karatunsa, bai iya tuƙi ba, kuma ya faɗi haka. Ashe ko mutuwar motar ba za ta ceci Abdulgani ba. Muddin ba a ga ainihin ciwon da ido ba, sunansa yana nan cikin taɓo.

Haka aka yi ta tafiya, a tashi a mutu, a jira a tashi, har rana ta take tsaka. A wata doguwar fadama a gefen ƙauyen Wurogauri ta yi mutuwar da ta fi kowacce. Suka tura ta ƙarƙashin wata tsamiya. Abdulgani ya buɗe murfin inji ya tsaya yana kallo, ba don yana da sauran abin dubawa ba.

Suna nan sai ga wani tsohon makiyayi, sunansa Bawa, ya ratso daga cikin garkensa yana jan wata farar saniya mai ɗingishi. A cinyarta akwai gyambo, ƙudaje sun yanyame shi, tsutsa na motsi a ciki. Ya yi sallama, ya miƙo wani ƙyalle.

"Masu mota, ku taimake ni da ɗigon mai ga tsummaga. In na danna mata shi, tsutsar na hita. Ta kwana biyu ba ta kiwo."

"A wagga marra?" in ji Alhaji. "Baffa, ka san yadda anka samo shi? Tahi gaba."

Abdulgani ya dubi saniyar. Idonta na zubar da ruwa, fatarta na karkarwa. Ya cire tiyon da ke kai mai ga kafireta, ya kara tsumman, ko za a samu ɗigo. Tiyo a bushe ƙamas. Ya dawo ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Buɗe mishi. Tsumma guda ne."

"Ku ji ɓarawo na kyauta da kayan mutane!"

"Na ji, ni ɓarawo ne har a gama shari'a. Amma ita mi ta sata? Ni da ke da baki ban samu mai ji na ba, balle ita. Don darajar Gwaggo, Umaru, buɗe mishi."

Sunan mahaifiyarsa ya daki Alhaji. Ya yi tsaki, ya kwance makullin ya jefar a ƙasa. "Ɗauka. Malam, kai ne shaida, tsumma guda."

Abdulgani ya buɗe kwaɗon, ya kama murfin. Murfi ya ƙi. Ya sa hannu biyu, ya murɗa da ƙarfi, kamar wani na riƙe da shi daga ciki.

Sai murfin ya saki.

Mai karatu, na ji kukan iska a rani, na ji na guguwa, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Wani dogon shaƙa ne ya fito daga bakin tankin, fuuuuu, kamar mutumin da aka danne cikin ruwa ya samu ya ɗago kai. Gefen tsumman da ke hannun Abdulgani ya karkata ya nufi ramin da kansa. Kafin sautin ya ƙare, sai ƙarfen tankin ya buga daga ƙasa, gau! Motar duka ta girgiza. Shanu suka watse. Tsuntsayen da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya.

Tsoho Bawa ya ja da baya yana salati. "La'ilaha illallahu! Wagga aba rai gare ta?"

Fadamar ta yi tsit. Abdulgani ya tsaya da murfi a hannu yana kallon baƙin ramin.

"Ba hitarwa ta yi ba," ya faɗa a hankali. "Shaƙa ta yi. Subhanallahi. Iska taka nema."

Ya tsoma tsumman, ya jiƙa, ya miƙa wa makiyayi. Sannan ya shiga mota, murfin na kan cinyarsa, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi gurnani kaɗan, mai ya hau, sai ta ɗauka. Ƙarar nan tata ta da, mai santsi, wadda matan Gwandu ke ganewa daga cikin gida, ta cika fadamar Wurogauri.

"Dace ne," in ji Alhaji, amma muryarsa ta sauya.

Abdulgani ya sauko. Ya mayar da murfi ya ɗaure tam, suka shiga, ya tuƙa. Aka yi 'yar tafiya, ta yi tari ta mutu. Ya fita ya buɗe: fuuu. Ya murɗa makulli, ta tashi nan take.

Sai ya juya murfin a tafin hannunsa, a cikin rana. An zagaye cikinsa da zoben fata, ɗinkin baduku, mai kyau ƙwarai. A tsakiya kuma ga wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa. Ya karyo ƙaya daga gefen hanya ya tsokana. Kakin zuma ya fito, murɗe kamar tsutsa. A ƙarƙashinsa ga wata 'yar huda, ba ta fi kan allura ba. Ya ɗaga murfin sama, hasken rana ya ratso ta ciki ya sauka a kan farar rigar Alhaji, ɗigo guda.

Nan shugaban kwamiti ya tuna da abin da kowane mai shayi ya sani, cewa gwangwanin madara huda biyu ake yi masa, ɗaya ta fita, ɗaya ta iska. In mai zai fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ya bayyana wannan a tsanake, sannan ya yi tambaya guda: wa ya toshe hudar?

Alhaji ya zauna a kan turɓaya, babbar riga da komai. Ya cire hula.

"Ni ne," ya ce. "Daren da anka sa kwaɗo. Na ga ta nan ƙamshin ka hita, na ce man ne ka gudu. Na sa baduku ya yi zobe, na narka kaki na liƙe. Wallahi ban gaya ma kowa ba, don kada a buɗe." Ya dubi hannuwansa kamar ba nasa ba. "Ashe ni na shaƙe ta. Na shaƙe ta, na ce kai ne."

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Abdulgani ya dube shi. Abin da ya haɗiya tun daga tashar Gwandu yana nan a cikinsa, kuma da ya amayar da shi, ba mai ganin laifinsa. Sai ya sunkuya, ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya ɗora masa a ka.

"Tashi, ɗan mace. Kana ɓata rigar da ba kai ka wanki ba."

Alhaji ya fashe da kuka da dariya a haɗe. "Tobashi..."

"Na yahe. Shiga mu tahi, kasuwa na watsewa."

Dattijuwa ta shiga Kalgo ba tari ko ɗaya. Haruna bakanike ya karɓi murfin, ya ɗaga shi sama, ya leƙa hudar da ido ɗaya, ya yi ta kabbara. Ya ce ya kwance injuna ba iyaka, bai taɓa zaton abin da ke riƙe da ran mota duka bai kai ƙwayar gero ba.

Da kwamiti ya sake zama, Abdulgani ya roƙa a bar maganar, tun da shi ya yafe. Na ce masa yafiyarsa haƙƙinsa ce, Allah Ya ba shi lada; amma ƙazafin a bainar jama'a aka yi shi, kuma kunnuwan da suka ji shi suna da nasu haƙƙin.

Darasi: Wanda ya rufe hannunsa da zuciyarsa ruf don kada a rage shi da komai, kansa yake shaƙewa, sannan ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Kafin ka kira amintaccenka ɓarawo, bincika abin da hannunka ya aikata. Kai kuma da aka zalunta, kada zafin zalunci ya hana ka tausayin wanda ya fi ka rauni, domin ba ka san ta wace 'yar ƙofa Allah zai fito da gaskiyarka ba. Ya mai karatu mai daraja, ka tura wannan ga 'yan'uwa da abokan arziki, musamman masu ɗaukar mutane aiki, su san cewa ɓata suna yana da tara. Wadda na ci Alhaji Umaru kuwa ita ce ƙwaryar farin goro guda, goro ɗari ke nan, ya raba da hannunsa a tsakiyar tashar Gwandu, kuma duk wanda ya miƙa wa ƙwaya ɗaya, sai ya dube shi ido da ido ya ce: "Abdulgani ba ɓarawo ba ne."